Sau uku ina kwasar adashi, ko tsinke ban ajiye ba

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kina lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, 'ya'yana biyar, muna zaune da abokiyar zamana. Ƙanena ne ya rubuta mini wannan, don ni karatuna na allo ne da Islamiyya. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sau biyu nake yi a mako, babbar 'yata ke kai talla. Kowane yi nakan kashe kamar naira 18,000 tsakanin gyaɗa da niƙa da itace da kayan yaji, in kaya sun ƙare in tashi da 21,000. Ina zubin adashi biyu duk mako, na 3,000 mu ashirin, da wani ƙarami na 2,000. Sau uku ke nan ina kwasar babban, naira 60,000, amma wallahi ko tsinke ban ajiye ba. Na ƙarshen nan Malam ya ari 20,000 zai sayi taki, har yau shiru, kuma ba shi ne na farko ba. Na biya mai gyaɗa 15,000 da yake bi na. Anko da gudummawar bikin 'yar yayata suka ci 12,000, autana ya kwanta muka kashe 5,000, sauran ban san inda suka shiga ba. Abokiyar zamana ba ta kai ni nema ba, amma awakinta huɗu. 'Yar tawa mai tallan shekararta 13, ko cokali ban saya mata ba. Wata ta ce sammu aka yi mini don kada kuɗi su zauna a hannuna, wai akwai malamin da zai karya a kan 10,000. Yaya, in je? Ko kuwa ni ce ba ni da tattali?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ƙara wa autan lafiya, ya yi wa ƙanen naki albarka da ya zauna ya rubuta.

Kada ki je. Naira 10,000 ta haura rabin jarinki na yi ɗaya, kuma in kika kai, bayan wata biyu za a ce aikin bai gama kamawa ba, a ƙaro. Neman tsari ba na sayarwa ba ne. Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu suna bakinki tun kina makarantar allo, ki riƙe su safe da yamma. Ba zan tsaya musu a kan ko akwai sammu a duniya ba. Ni dai abin da ke cin kuɗinki na gan shi, domin ke da kanki kika aiko mini da shi, har da lambobinsa.

Matso mu yi lissafin tare. Ribar yi ɗaya 3,000, yi biyu 6,000 a mako. Adashi biyu suna ɗauke 5,000. Saura 1,000. To a cikin wannan 1,000 ɗin ake so a fitar da man da kike zubawa a miya ranar girkinki, da ƙulin da yara ke ɗiba in sun taso daga makaranta, da sabulu, da magi da gishiri ranar da Malam ya fitar da hatsi ya tsaya a nan, da kuɗin tara, da kuɗin laraba, da ɗari biyun barka in an sauka a maƙwabta, da kwalbar man da aka aiko yaro ya karɓa aka ce in an jima za a kawo. Ke ma kin san ba za ta ɗauka ba. Amma kuma duk ana yin su, babu wanda aka fasa. Daga ina ake cikawa? Daga uwar kuɗi. Ranar sayen gyaɗa sai ki ga kuɗin ba su cika ba, ki aika wa mai gyaɗa ya ba da kwano ɗaya, in an sayar a kawo. Mako ya bi mako. Ɗauki 15,000 ɗin da ya bi ki, ki raba ta gida ashirin, adadin makonnin da adashinku ke yi kafin ya zagayo: naira 750. Abin da kike gutsura ke nan daga jarinki kowane mako ba tare da kin ankara ba. Ashe kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kika kwasa ba ajiya ba ce tun asali. Kuɗin mai gyaɗa ne suka je gidan uwar adashi suka yi wata huɗu da 'yan kai, suka dawo hannunki, kika miƙa wa mai su. Ƙaramin adashin kuwa ko ambaton inda kwasarsa ke zuwa ba ki yi ba, ina kuma kyautata zaton irin waɗannan ramukan yake cikewa.

Saboda haka ba rashin tattali ba ne, ƙanwata. Macen da ke tashi da asuba ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta tsaya kan tunkuza har mai ya fito, ta kuma yi zubi biyu ba fashi, ba almubazzara ba ce. Kin ɗaura wa sana'ar kayan da ya fi ƙarfinta, sannan uwar kuɗi da riba da kuɗin cefane duk a ƙulli ɗaya suke kwana.

Manomi, duk yadda bazara ta matsa, ba ya surfa irin da zai shuka. Haka za ki riƙi 18,000 ɗin nan. Da zarar ciniki ya kai ta, ki ƙulle ta daban, in da hali ma a sayo gyaɗar yi na gaba a ranar, kada kuɗin su kwana. Abin da ya hau sama shi ne naki, shi za ki raba. Man da ya shiga tukunyar gida kuma ki dinga ƙirga shi. Ba cewa na yi ki hana 'ya'yanki ƙuli ba, wace uwa ce za ta iya? Cewa na yi ki san nawa ne. Rashin boko ba ya hana wannan: ki ja layi da gawayi a bayan ƙofa, ko ki jefa ƙwayar wake a gwangwani duk sanda kwalba ta shiga miya, wani gwangwanin kuma na bashi. In 'yarki tana rubutu, a sayo mata ƙaramin littafin makaranta ta riƙa rubuta abin da ta fita da shi da abin da ta dawo da shi. Mako huɗu kawai za ki yi kina haka, za ki gano inda 8,000 ɗin da kika ce ba ki san inda suka shiga ba suke shiga.

Maƙwabta masu aiko yara, doka ɗaya ta ishe su: wadda ba ta kawo na jiya ba, ba ta karɓar na yau. In kunya ta kama ki, ki ce mai gyaɗa ya tsare ki. Ba ƙarya kika yi ba.

Adashi abu ne mai kyau, amma a san me yake yi. Ba ya haihuwa. Abin da kika zuba shi kike ɗauka, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda naira ke zubewa a hannu. Gyaɗar da 60,000 ta saya miki a kwasar farko ba ita za ta saya a ta uku ba. Amfaninsa shi ne yana kulle kuɗi inda ke da masu roƙo ba za ku iya taɓawa ba, ya dawo miki da su a dunƙule. Wannan amfani ne babba, amma ba ya zama dalilin zuba abin da ba ki da shi. A ganina zubi bai kamata ya wuce rabin riba ba, wato 3,000 a wurinki. Ƙaramin ya tafi. In ya tafi, ribarki za ta kasu haka: 3,000 adashi, 2,500 hidimomin yau da kullum, 500 kuma asusu. Asusun ƙasa nake nufi, wanda sai an fasa. Ba na biki ba ne, ba na sallah ba ne, na daren da yaro zai yi zafi a nemi mai babur zuwa asibiti ne. Kafin adashi ya sake zagayowa ya tara 10,000, ninkin abin da ciwon autanki ya ci.

In a garinku akwai mata masu zuciya irin taki, akwai wani tsari da ya ɗara adashi ta wani ɓangaren. A yankin Maraɗi a Nijar aka faro shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Akwati ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana zubi duk mako, ana ware ɗan wani abu na lalura, mai buƙata ta ranta ta mayar, in shekara ta cika a raba. Inda za a yi hattara shi ne ƙari a kan rance; ku tambayi malaminku tun kafin ku fara, ku nemi ribar ta hanyar saye da sayarwa.

Yanzu ga abokiyar zamanki. Babu wani asiri a awakinta. Kuɗinta ba sa daɗewa suna kuɗi, shi ke nan. Mutum zai yi sallama ya ce ara mini dubu biyu zuwa Juma'a, amma babu mai cewa ara mini cinyar akuya. Ke kuwa ranar kwasarki mata goma sha tara sun sani, mazansu sun sani, dillaliya mai atamfa ta sani, Malam ya sani, kuɗin kuma suna zaune a ɗakinki ba a yanka musu aiki ba. Duk wanda ya riga zuwa da buƙata mai kama da gaskiya, nasa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura mako uku ki yanke abin da za su zama, kuma kada su kwana a hannunki. Ki sa ƙanenki ya karɓa daga wurin uwar adashi, ya wuce kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ya dawo da igiya a hannu.

Jar akuya nake ba ki shawara, budurwa ko mai haihuwar fari, mai sheƙin gashi, ba majina, ba alamar zawo a gindin wutsiya. Cikinta wata biyar ne, takan yi tagwaye, in ta sami kulawa tana iya haihuwa uku a shekara biyu. Abincinta rabinsa yana gidanku: dusa, ƙaiƙayi, ruwan tsari, harawa. In ta zo kada a haɗa ta da na gida sai ta yi kamar mako biyu a ɗaure gefe, kuma a nemi malamin dabbobi ya yi mata rigakafin cutar nan mai kawo majina da zawo da gyambon baki, wadda suke kira PPR. Ita ce ke share garke a 'yan kwanaki, allurar kuwa ɗaya ce tana tsare dabba shekaru. Awaki sukan yi sauƙi a farkon damina, lokacin da manoma ke fitar da su don sayen taki, su yi tsada gab da sallah. Amma fa ki sani akuya tana mutuwa, ana kuma sace ta. Kada duk abin da kika mallaka ya zama mai numfashi.

Abu na biyu da kuɗinki za su iya zama ya ma fi akuya kusa da sana'arki: gyaɗa, a kaka. Wadda ta sayi gyaɗarta lokacin da take zube a kasuwa, ribarta a bazara ba ɗaya take da ta mai sayen kwano biyar-biyar bashi ba. Ki ajiye ta da ɓawonta, ta bushe ƙarau, a ɗora buhun kan katako, kada ya jingina da bango. Wadda ta yi fumfuna a zubar, kada a ce a cusa ta cikin ƙuli, gubar da ke cikinta hanta take ci. Ba ina tura ki ɓoyon hatsi don jiran tsada ba ne. Waɗanda suka tara masara da shinkafa a kakar 2024 suna jiran farashi ya hau, da yawansu sun ji a jikinsu a 2025 da ya faɗo. Ke ba jira za ki yi ba, kayan aikinki kika saya. Ko ta tashi ko ta faɗi, matse ta za ki yi.

Sai maganar Malam, wadda na san ita ta fi ci miki rai ko da yake a tsakiyar wasiƙa kika cusa ta.

Hukuncin a fili yake. Dukiyar mace tata ce: sadakinta, gadonta, abin da ta nema da guminta. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Ci da sha da sutura da wurin kwana, naki da na 'ya'ya, a wuyan miji suke, takin gonarsa ma haka. Ba ya halatta ya ci ko sisinki sai da daɗin ranki. Amma ba zan zuga ki ba. Manomin da ruwa ya sauka, gero ya fito, ba shi da kuɗin taki, ba mugu ba ne, mutum ne da ya matsu, kuma abin da gonar ta ba da tukunyarki zai shiga. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mai sana'ar hannu ce, ta aika aka tambayar mata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ce tana da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Taimakon miji ba wauta ba ce.

Abin da ke ɓarna shi ne wanda ba kyauta ba, ba rance ba. Shi ya ce ara mini, a ransa ba ni yake nufi. Ke kin ce to, a ranki kina ƙirgawa. Shi ya manta tun ranar da ya watsa takin, ke kuwa duk sanda kika ga ya shigo da sabuwar hula sai zuciyarki ta yi baƙi. Kuɗin sun tafi, ladan kyauta bai samu ba tunda ba da niyyarta aka bayar ba, zaman kuma yana tsami a hankali. Daga yau ki zaɓi ɗaya tun kafin kuɗin su bar hannunki. In kyauta ce, ki ba da abin da ba zai karya ki ba, ki ce Malam wannan na ba ka ne, ki cire rai. In rance ne, a sa masa rana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin da Allah ya yi umarni da shi tsakanin musulmi ba zai zama rashin kunya tsakanin mata da miji ba.

Yadda za ki ɗauko maganar ya fi maganar kanta muhimmanci. Ba ranar da ya zo nema ba. Ba a gaban abokiyar zamanki ko yara ba. Ba da habaici kina daka ba, na san mu da wannan. Ki bari sai daren girkinki, ya ci ya sha ruwa, ki ce: "Malam, shawara nake nema. Yarinyar nan tana tasawa, ina so in fara ɗaura mata 'yar akuya. Kuɗin takin nan, in Allah ya kai mu kaka, ko gyaɗa ka auna mini a farashin ranar, ta wadatar." Kin nemi shawararsa, kin sa 'yarsa a gaba, ba ki ce ya nemo tsabar kuɗi ba, kin kuma kai biyan lokacin da yake da abin biya. Basussukan baya da kika san ba za su dawo ba, ki yafe, ki kuma faɗa masa da bakinki cewa kin yafe. Ɗauke su a zuciya ba zai dawo da su ba, yafewar a fili kuwa ita za ta ba wa maganarki ta yanzu nauyi.

In damina ta sake zagayowa ya nemi na taki, akwai cinikin da shari'a ta yarda da shi, malamai suna ce masa salam: ki biya kuɗi yanzu, a kawo miki kaya sananne, da awo sananne, a lokaci sananne. Wato maimakon rance, ki sayi gyaɗa a wurinsa tun yanzu, kwano kaza, a watan kaza, ƙanenki ko ƙanensa ya shaida. Shi ya sami taki, ke kin sami kayan aiki. Sharaɗin dai kuɗin su zama sababbi da kika miƙa, ba tsohon bashi aka juya ba, kuma kada ki matse shi a farashi don kin ga ya matsu. Ki ƙara tambayar malamarku ta Islamiyya a kai.

Zai iya yin fushi. Wasu mazan kwana biyu suke yi suna amsa gaisuwa a daƙile, sannan su sauko. Ki ƙyale shi, kada ki janye, kada kuma ki ƙara gishiri. Ƙarya ba na so ki yi masa, in ya tambaya ki faɗi gaskiya, amma babu inda aka wajabta miki shelar ranar kwasa. In kuwa abin ya kai ga ƙwace, ko ya kwance akuyarki ya kai kasuwa ba da yawunki ba, wannan zalunci ne, ba a rufe shi da sunan haƙuri. Waliyyinki za ki fara gaya wa, in ta ƙi a kai gaban liman ko mai unguwa.

Biki kuwa, 12,000 ɗin nan abu biyu ne kika haɗa. Gudummawa tana dawowa. Abin da kika kai wa yayarki, ranar bikin 'yarki za ki gan shi, wataƙila da ƙari, kuma macen da ta janye hannu daga bikin dangi ta yi wa kanta mugun tanadi. Ki dinga yi daidai ƙarfinki, kada a ja ki gasar ninki har ta kai inda za ki ci bashi don ramawa. Anko ne ba ya dawowa. Na 'yar yayarki na fahimta, uwa kike a wurin. Amma na jikar maƙwabciyar gwaggo, ki wanke atamfarki ta sallah, ki goge, ki je ki yi aiki a gindin murhu. Wadda ta tuƙa tuwon biki ba a manta ta, wadda ta yi anko kuwa ɗaya ce cikin arba'in.

Hankalinki ya tashi a kan kayan ɗaki, na gane, amma kada tashin hankalin ya sa ki fara jibge kaya yanzu. Iyayenmu sun cika kabad da kwalla da samira suna ganin sun gama, yayi ya juya, amare suka ce kuloli da tangaran suke so. Katifa da labule in suka daɗe a ajiye ɓera da gara ne ke fara morarsu. Tukwane da turmi da manyan robobi ba sa tsufa a yayi, waɗannan in kin ga araha ki ɗauka. Saura ki bar su a awaki sai an sa rana. Kuma a al'adarmu gado da katifa na uba ne. Ki fara tuna wa Malam wannan da wasa da dariya tun yanzu.

Tallan ne ma ya fi damuna a kan cokalin. Budurwa 'yar 13 da faranti a ka har bayan magariba, kin san abin da nake tsoro. Masu tsire da masu gurasa kullum cikin neman ƙuli suke don yaji, masu ƙosai da awara kuma suna neman mai. Ki sa ƙanenki ya nemo miki ko mutum biyu da za su riƙa sara duk mako, kuɗi hannu. Ko kin rage musu wani abu, ya fi a yini ana yawo a dawo da rabi, rabin kuma bashi. Sai yarinyar ta zauna a aji, da yamma ta riƙe miki littafi, ta koyi matsar mai a gefenki.

In kuɗi suka fara taruwa fiye da abin da asusun ƙasa zai riƙe, ki buɗe na waya ko na banki. Ba mu manta farkon 2023 ba, bayan an sauya takardun 200 da 500 da 1,000, mata suka fasa asusu suna neman inda za su kai tsofaffin kuɗi kafin wa'adi, wasu suka saye abin da ba sa buƙata don kada su tashi a tutar babu. Ga gara, ga gobara. Amma asusun ya zama da sunanki, da lambarki ta NIN ko BVN, layin wayar ma naki. In da sunan ƙanenki aka buɗe, ranar da ta Allah ta kasance kuɗinki sun shiga gadonsa. Lambar sirri ke za ki danna da yatsanki a wurin mai POS, ba a faɗa masa, ba a kuma faɗa wa wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake. Bankunan da ke da lasisi akwai hukumar NDIC da ke tsaya wa masu ajiya in banki ya rushe. Masu cewa kawo dubu goma ki karɓi ashirin a wata kuwa babu mai tsaya musu. Haka MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025. Masu ba mata rancen ƙungiya da ruwa, ana biya duk mako, su ma ki bar su su wuce. Ribar 6,000 ba za ta ɗauki ruwa ba, ban da haramcin.

Ƙaramin adashin kada ki fice a tsakiya, haƙƙin mutane ne. Ki daure ki kai ƙarshen zagayen, amma ki gaya wa uwar adashin tun yanzu cewa ba da ke za a sake ɗaurawa ba, don ta nemi wadda za ta maye. Babban kuwa, in za a sake jera sunaye, ki roƙa a sa kwasarki ta faɗo tsakanin Oktoba da Nuwamba, lokacin da sabuwar gyaɗa ke shigowa. In an riga an ba wata, ki nemi wadda ke da biki ko suna a gaba tana son ɗauka da wuri, ku yi musanya a gaban uwar adashi da mata biyu.